Kawu da Mai Kwalekwale

Ni dai don in huta na sayi na'urar gem ɗin nan. Mutum ya yini daga Litinin zuwa Juma'a a ofishin gwamnati, yana ɗaga fayil daga wannan tebur yana ajiyewa a wancan, na sama na ce masa a dawo gobe, shi ma yana ce wa na ƙasa a dawo gobe, ai ya cancanci ranar Asabar bayan la'asar ya miƙe ƙafa a falonsa ya yi abin da ba wanda zai tsoma masa baki. Ba na zaman majalisa, ba na kallon ƙwallo. Abin da nake so shi ne irin gem ɗin nan mai labari, wanda za ka riƙe abin dannawa, da muke ce wa fad, kana tafiyar da mutum a talabijin, can sai wasan ya karɓe shi daga hannunka ya koma fim na ɗan lokaci, sannan ya maido maka da shi. Maiɗakina ta yi tsiyarta ta gaji, wai ga furfura ga wasan yara. Na ce na ji, a rufo mini ƙofa. Haka nake zaune da rufin asirina a Unguwar Rimi har bazarar da aka kawo Kawu.

Kawu yayan mahaifiyata ne, manomi a wani ƙauye can cikin Zamfara. Yanar ido ce ta rufe masa gani, aka kawo shi Kaduna aka yi masa aiki. Inna, wato mahaifiyata, tana Hayin Banki wurin ƙanena, gidan kuwa a cike yake maƙil, don haka jinyar ta faɗo gidana. Ranar da aka cire masa bandeji ya kalle ni sama da ƙasa ya ce ashe haka na tsufa. Magana ta biyu da ta fito daga bakinsa ita ce yaushe mota ke tashi.

Ga inda matsalar take. Mutanen daji sun matsa wa ƙauyensu, gidaje da yawa an rufe an gudu, wanda ya fita gona ba shi da tabbacin dawowa. Matar Kawu ta rasu, 'ya'yansa sun watsu neman abinci. Ba abin da ke jiransa can sai gonar gado da rumbu. Inna ta kira ni Hayin Banki, ta kori jikoki daga ɗaki, ta ce, "Amana zan ba ka. Ka riƙe mini Yaya har shuka ta wuce. In damina ta yi nisa ba abin da zai koma yi, dole ya zauna. In ya tafi yanzu, ban san ko zan ƙara ganinsa ba." Na ce to, Inna, sai ka ce riƙe dattijo mai ƙafa biyu da taurin kai irin na gidansu ƙaramin aiki ne.

Na gwada dabarun da na sani. Na ce sai an sake duba idon, aka duba, likita ya faɗa masa a gabana cewa ido ya yi garau. Na kai shi Rafin Guza ya gaisa da 'yan garinsu, ya dawo da labarin wanda ya koma da wanda ke shirin komawa, na gane ni da kaina na zuga shi. Kullum da safe sai in tarar da jakarsa a ɗaure a bakin ƙofa, takalmansa a kanta.

Wata Asabar ina cikin wasana, fanka na kaɗa iska mai zafi, sai ga Kawu ya turo ƙofar da duk gidan aka san ba a turowa. Ya zauna a kujerar da ke gefena ya ƙura wa talabijin sababbin idanunsa.

"Wanga hwa, wane na?"

Na yi masa bayani a gajarce don ya tashi. Wani mai kwalekwale ne a wata ƙasa mai sanyi. Garinsu a tsibiri yake, shi ke fito da mutane. Ranar da mayaƙa suka faɗa wa garin, jama'a suka taru a bakin ruwa suna kiransa, shi kuwa tsoro ya kama shi ya tuƙa abinsa ba kowa a ciki ya tsere. Yanzu yana yawo a wata ƙasa ba wanda ya san abin da ya aikata. Kawu ya gyara zama ya ce, "Tau, mu ga inda za shi." Daga wannan rana ban sake yin gem ni kaɗai ba sai da damina ta faɗi.

Aikina na farko shi ne tafinta. Duk wanda ya buɗe baki a talabijin sai Kawu ya ce, "Mi yac ce?" In faɗa, kafin in gama wani ya amsa, ya sake cewa mi yac ce. Wannan da sauƙi. Bala'in ya fara ne lokacin da na shigar da mai kwalekwale wani gida a bakin hanya, na buɗe akwati na ɗauki busasshen kifi da igiya, kamar yadda duk mai hankalin da ya taɓa riƙe fad yake yi.

"Tsaya! Gidan wa na?"

"Kawu, ba gidan kowa ba ne. Haka aka yi wasan, an ajiye kayan ne don a ɗauka."

"Gida da ƙyaure, da tukunya bisa wuta, ka ce ba na kowa ba na? Ko sallama bai yi ba. Maida musu kihinsu."

Na ce babu inda ake dannawa a mayar. Ya ce to a nemo. Sai da na koma baya zuwa inda na adana wasan, na sake tafiyar da na riga na yi, na wuce gidan nan ina kallonsa ina haɗiyar yawu. Daga nan doka ta kafu: ba shiga gidan mutane sai an ce shigo, ba taɓa akwatin kowa, ba gudu a cikin kasuwa, kuma in wani na magana, ko da tsohuwa ce mai ba da labarin ciwon gwiwarta, ba a dannawa a wuce. "Mutum na magana ka ba shi baya? Nan gidan haka anka koya maka?" Sakamakon wannan tarbiyya shi ne mutumina ya zama mafi talaucin wanda ya taɓa ratsa wannan wasa. Ba abinci, ba makami na kirki, karnukan daji suka riƙa cinye shi a wurin da yara ke wucewa da ido rufe. In na yi ƙorafi sai Kawu ya ce gara shi mutu da yunwa da shi mutu ɓarawo. Shi ba ya mutuwa, ni nake mutuwa, ni nake sake farawa.

Ana nan sai maƙwabcina ya ji labari. Lauya ne, kowa a layinmu Barista yake ce masa, kuma shi ne ya ara mini wannan gem ɗin tun farko. Ya gama shi ya maimaita, yana cikin wasu zauruka a waya inda manyan mutane masu iyali ke kwana suna musu a kan ko wane hali ya dace da wane. Ya shigo gaida Kawu, ya ga abin da ake yi, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Tun daga nan na san na shiga uku.

Barista ba ya kallo a yi shiru. Da fim ya fara sai ya ɗaga hannu. "Mutumina, tsayar! Baba, kun lura? Kyamarar ba ta nuna fuskarsa ba, hannunsa ta nuna. Duk lokacin da aka ambaci ruwa, hannun ake nunawa. Su waɗannan mutanen ba sa faɗa maka abu, nuna maka suke yi." Kawu ya ce bai lura ba, a maido. In ce ba a maidowa. Barista ya ce ana yi, in an koma baya. In koma baya, karnuka su sake cinye ni, mu iso wurin, su kalli hannu su gyaɗa kai.

Babban musunsu kuwa a kan abu ɗaya ne: shin mutumin nan ya canja ko bai canja ba. Barista ya ce ya canja, kuma a hankali aka gina canjin, shi ya sa yake da daɗi. Da farko ba ya kallon kowa a ido, ba ya faɗin sunansa, in zai kwanta ƙofa yake fuskanta. Yanzu ga shi ya sauka a wani gari a bakin kogi, yana gyara wani tsohon kwalekwale, har ya fara fito da mutane kyauta. "Baba, wannan shi ne girman hali. Mutumin da muka fara da shi ba shi ne wannan ba."

Kawu ya ce, "Shi na. Riga yas sake."

"Haba Baba, kun ga fa yadda ya shiga ruwa ya ceto yarinyar nan."

"Na gani, Allah shi ba shi lada. Amma ɗiyar wasu ta. Nashi mutane na can inda yab bar su. Duk alherin da shika yi nan, gudu na, Lauya. Gudu na da kyakkyawar riga."

Barista ya miƙe tsaye kamar yana gaban alƙali, ya kawo hujja daga farkon labari, ya kawo daga tsakiya, ya ce ko kiɗan da ake sa masa ya canja. Kawu ya ce shi bai san kiɗa na wanke mutum ba. Ni kuwa ina zaune da fad a hannu, shayina ya huce, mutumina na tsaye a tsakiyar titi cikin ruwan sama. In an daɗe ba a taɓa shi ba yakan sosa ƙeya ya waiwayo, sai Kawu ya nuna shi ya ce, "Kun gani, har shi ya gaji da ku." Da ku! Ni da ban ce uffan ba tun la'asar. Sau da yawa haka ake kiran magariba ban yi taku goma ba, in an tashi kuma a ɗauke wuta.

Na yi niyyar in tattara na'urar in kai ofis in kulle a durowa. Abin da ya hana ni shi ne wata safiya na fito ban ga jaka a bakin ƙofa ba. Na leƙa ɗakin Kawu, ga ta can ƙarƙashin gado. Da na gaya wa Inna dalili, ta kalle ni kallon da take yi mini tun ina yaro in na zo da maganar banza, sannan ta ce, "Ko mene ne, a ci gaba. Kar ka yarda labarin nan ya ƙare."

To labari dai ba ya ƙin ƙarewa, amma ana iya ja masa rai. A irin wannan wasa akwai ƙananan aikace-aikace da mutanen gari ke roƙon ka, waɗanda ba su da alaƙa da ainihin tafiyar. Ni a rayuwata ba abin da na tsana kamarsu. Sai ga ni ina bin su ɗaya bayan ɗaya. Na nemo akuyar da ta ɓata. Na kai gishiri wani ƙauye na dawo da albasa. Na gyara rufin wata bazawara, na raka wani makaho wurin ɗan'uwansa, wanda da muka isa ya ce ba ya son ganinsa, na rako shi muka dawo. Asabar da Lahadi, har da yammacin ranakun aiki. Na bar ofis inda ake aike na, na zo gida ana aike na a talabijin.

Barista ya fara kumbure-kumbure, wai ina kashe wa labari gudu, an ɗaure zare ya yi tsauri ni kuma ina sassauta shi. Na ja shi waje wajen motarsa na faɗa masa gaskiyar abin da ake ciki. Ya ce Allah sarki, ya yarda zai yi haƙuri. A nan ne ya gaya mini cewa wasan ƙarshe biyu gare shi. In mutumin ya gama gyaran kwalekwale, mutanen garin za su ba shi gida su ce ya zauna. Sai a ba ka zaɓi, ya zauna ko ya koma tsibirinsu.

Nan take dabara ta zo mini, har na ji daɗin kaina. Zan zaɓi zama. Kawu ya ga mutumin da yake bi da zuciya ɗaya ya yi hankali, ya zauna inda ake da kwanciyar hankali, ya ga ba abin kunya ba ne. Na tambayi Barista, "In ya zauna, me ke faruwa?"

Ya ja da baya kamar na ce ya ci amanar wanda yake karewa. Su masu son labarin gem suna da wata al'ada da suka riƙe da ƙarfi: ba a faɗa wa wanda bai kai ƙarshe ba yadda aka ƙare. A zaurukansu har korar mutum ake yi a kan haka. Barista kuwa limaminsu ne. Na ce wannan ba maganar nishaɗi ba ce, maganar ran dattijo ce. Ya ce ya sani, amma shi tun da yake bai taɓa ɓata wa wani labari ba.

"To faɗa mini abu ɗaya. Yana rayuwa?"

"Yana rayuwa."

"Cikin wadata?"

Ya ce, "Cikin wadata."

Na ce shi ke nan, abin da nake so in ji ke nan. Ya buɗe baki kamar zai ƙara wani abu, ya rufe, ya shiga motarsa. Da ina da wayo da na tsaya a kan wannan buɗe bakin.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Kawu ya koma tsayuwa a tsakar gida da hantsi, hannu a baya, yana kallon sama yana shaƙar iska. Ranar da aka yi ruwan farko bai ci tuwon kirki ba. Ni kuma akuyoyin garin can duk na nemo su, ba sauran rufin da ke yoyo. Ina ta zagaye da mutumina a kasuwa kamar mai neman abin da ya yar, sai Kawu ya ce, "Wanga mutum ya koma ɗan aike. Kwalekwale ya gyaru tun yaushe. Kai ka hana mai tahiya, ko shi ad da tsoro?" Na ce akwai sauran shiri. Ya ce, "Ƙasa ta jiƙa. Ran Asabar a ƙare labarin ga, in ba haka ba in tahi ban gani ba." Da daddare jaka ta fito daga ƙarƙashin gado.

Ranar Asabar muka zauna mu uku. Mutanen gari suka taru a bakin kogi, shugabansu ya miƙa wa mai kwalekwale mabuɗin gida, na fassara jawabinsa har da ƙarin gishiri. Sai rubutu biyu suka fito a talabijin. Na ce, "Kawu, an ce ya zaɓa. Ya zauna ko ya koma."

"Shi koma."

"Kawu, can ba kowa. An ƙone garin. In ya je halaka zai yi a banza. Nan ga gida, ga mutane na son sa."

"Na ji. Shi koma."

Na kalli Barista ko zai taimaka, sai na ga karon farko tun da na san shi ya rufe baki yana kallon silin. Na danna zama.

Na gyara murya ina jiran a yi magana in fassara yadda ya dace da buƙatata. Ba wanda ya yi magana. Ko kalma ɗaya babu a wannan fim ɗin. Aka nuna mutumin ya jawo kwalekwalen ya kife shi a bakin kogi. Aka nuna shi a sabon gida, ana kawo masa abinci. Ganye ya zube, ya sake tohowa. Kaji suka fara kwana a ƙarƙashin kwalekwalen. Mutumin ya yi ƙiba, ya sami riga mai kauri, in ya ratsa kasuwa ana gaishe shi yana murmushi. Aka sake nuna kwalekwalen, wani ya tsaga gefensa ya yi wa aladu kwamin ruwa. Can ga mutumin ya tsufa, yana tafe a bakin kogi da kwandon cefane, sai wani daga tsallake ya ɗaga hannu yana kiran mai fito. Ba shi ake kira ba, wani yaro ne yanzu ke aikin. Kyamarar ta sauka a kan hannunsa. Yatsun suka dunƙule kamar sun kama sandar tuƙin kwalekwale, suka daɗe a haka, sannan suka saki. Ya gyara riƙon kwandonsa ya wuce. Aka ɗauke hoto.

Ban taɓa jin haushin aikin likita mai kyau ba sai ranar. Da a ce da sauran yana a idon Kawu, da na ce masa mutumin ya ji daɗi ya mutu cikin jikoki. Amma ya ga komai tar, ba abin da ya rage mini in fassara.

Ya daɗe yana kallon baƙin talabijin. Sannan ya ce, "An ba shi tuwo. An ba shi riga." Ya dubi sabuwar shaddar da na ɗinka masa, wadda ke jikinsa. "Ni ma an ba ni. Allah shi saka da alheri." Ya dafa gwiwa ya miƙe ya tafi ɗakinsa.

Na juya kan Barista. Ban san na iya ɗaga murya haka ba. Na ce ka san wannan abin za a nuna ka bar ni na danna? Ya ce, "Ka tambaye ni ko yana rayuwa, na ce yana rayuwa. Ka ce cikin wadata, na ce cikin wadata. Ƙarya na yi?" Na ce ai ko a kotu akwai ranar da ake ajiye doka a dubi mutum. Ya ce wallahi ya so ya faɗa, bakinsa ne ya ƙi. Idanunsa sun yi ja, ya ciro hankici ya share. Har na fara jin tausayinsa, sai ya ce a hankali, "Amma dai ka ga hannun, ko?" Allah ne kaɗai ya sa fad ɗin nan bai sauka a goshinsa ba.

Na roƙi Kawu, maiɗakina ta roƙe shi, Inna ta zo ta yi kuka ta yi faɗa ta koma kuka. Ya saurari kowa, bai katse kowa ba, don shi ba ya ba mai magana baya. Da aka gama ya ce ƙasa ta jiƙa. Ni na kai shi tasha a Kawo da sassafe, ina tuƙi ina huci. Ya zauna a gefen taga da jakarsa a cinya, na tsaya a waje. Ya leƙo ya ce, "In ka koma ka gyara abin da ka ɓata. Ka maida mutumen ga gida, ko ba kowa can."

Haƙurina ya ƙare. Na ce, "Kawu, don Allah wasa ne fa! Mutumin nan babu shi. Zane ne, wasu suka zauna suka zana!"

Ya ce, "Tau in wasa na, mi ya hana ka bar shi shi tahi?"

Direba ya tayar da mota. Na tsaya ina kallon motar har ta fice daga tasha.

Kawu ya kira da ya isa babban garin da ke kusa da su, daga nan waya ta daina shiga, don can sai an hau tudu ake samun sabis. Inna ta daina amsa gaisuwata yadda ta saba. In na je Hayin Banki sai ta ce lafiya lau, ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Ita da ta shekara da shekaru a Kaduna harshenta ya koma na nan, ranar da ta tanka mini da harshen gida ta tanka: "Mutum guda ɗai na ba ka." Na'urar kuwa ban ko kalle ta ba. Na sami falona, na sami shirun da nake nema, abin ya ƙi daɗi.

Asabar ta zagayo, bayan la'asar sai na ji tsayuwar keke mai ƙafa uku a ƙofar gida. Inna ce, ita da ba ta zuwa sai da dalili. Ta wuce maiɗakina da gaisuwa a tsaitsaye, ta turo ƙofar falo, ta zauna a kujerar Kawu, ta ce, "Kunna mini abin da ya ɗauke mini ɗan'uwa. In gan shi da idona."

Na kunna. Na koma wurin zaɓin nan, na gaya mata wane ne mutumin da abin da ya yi, na ce Kawu ya bar mini saƙo in mai da shi gida. Na danna komawa. Barista ya ji kiɗan ta katanga ya zo, amma da ya ga wadda ke zaune sai ya tsaya a bakin ƙofa da hularsa a hannu, bai yi gigin nuna wa kowa kyamara ba.

Mutumin ya tura kwalekwale cikin ruwa. Tafiyar da nisa, ni nake tuƙawa, ba kiɗa, sai ƙarar ruwa. Inna ta ce ko guzuri bai ɗauka ba, na ce ba shi da shi, ban gaya mata laifin wane ne ba. Tsibirin ya bayyana. Ba hayaƙi, ba kare, ciyawa ta cinye hanya, gidaje sun zama kango. Ya ɗaure kwalekwalen a turken da ya kwance shi ranar da ya gudu. Na bi da shi ta cikin ciyawa har wani gida da rufinsa ya rufta, ƙyauren ya faɗi, sai dogaran ƙofa kawai a tsaye. Wasan ya nuna mini nan ne.

Na kawo shi bakin ƙofar na tsaya. Ban yi niyya ba, hannuna ne ya saba. Wata da watanni an hana ni shiga gida sai an ce shigo, ga shi kuma ba wanda zai ce. Mutumin na tsaye, iska na kaɗa rigarsa, har ya sosa ƙeya ya waiwayo.

Inna ta ce, "Me kake jira?"

Na ce, "Kawu ya hana a shiga gidan mutane ba izini."

Ta daɗe tana kallon mutumin. Ta ja gefen mayafinta ta goge fuska, sannan ta ce da muryar da ban taɓa ji daga bakinta ba, "Shigar da shi. Gidanai na."

Na shigar da shi. Ta miƙo mini wayarta ta ce in ƙara gwada lambar Yaya.